Jan Biro a Katin Talatu

Duk wanda ya san Lokuwa ya san shagon Dorathy Vandi, ko da bai taɓa leƙawa ciki ba. Ɗan ɗaki ne mai shuɗiyar ƙofa, tsakanin mai cajin waya da wata mai tuyar ƙosai wadda hayaƙinta ya daɗe da rine bangon. A ciki akwai teburi ɗaya, da fanka mai kuka, da kwamfuta biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya ta tafi hutun da ba ranar dawowa. Nan Dorathy take wuni, kai a sunkuye, tana haɗa wa 'yan kasuwar Mubi manhajar da za ta riƙe musu sunayen mutanensu da lissafin kayan da ke kan kanta. Shekarunta talatin da ɗaya, gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, kuma Allah Ya yi ta da tsoro. Ƙofa in ta bugu da ƙarfi sai ta zabura. In ta kulle shago ta kai bakin titi, sai ta dawo ta jijjiga kwaɗon, wani lokaci har sau biyu. Mai ƙosai takan ce mata, "Anti Dorathy, kwaɗon nan wata rana zai kai ƙararki wurin mai unguwa."

Mahaifinta, marigayi Vandi, mutumin tsaunukan Michika ne, ya sauko Mubi tun yana saurayi ya zama mai gyaran keke. Mutum ne da bai taɓa jefar da ƙarfe ba. Keken da ya mutu murus sai ya kwance shi, noti a gwangwani guda, sarƙa a wani, feda da robar birki kowanne da mazauninsa. In an kawo masa gyara ba ya zuwa kasuwa, gwangwanayensa yake lalubawa. Dorathy ta tashi tana wanke masa waɗannan ƙarafa da kananzir, har yanzu in ta ji warin kananzir shi take tunawa. Yana da wata ɗabi'a guda: duk ƙarfen da ya ciro daga wani keke ya ɗaura a wani, ba ya miƙa wa mai shi sai ya hau da kansa, ya je gangaren bayan unguwa ya kama birki sau uku. A lokacin ita gani take tsohon yawo kawai yake so.

Tsoron kuwa ba duka aka haife ta da shi ba. Tana shekara ta biyu a karatun kwamfuta 'yan bindiga suka shigo gari ya watse, shekarar da mutanen Mubi suka bar tukwane a kan wuta suka gudu. Ita da mahaifiyarta suka bi ayari ta kudu, a ƙafa, cikin duwatsu. Kafin su kai Kwaja takalminta ya tsinke, tafin ƙafarta ya fashe yana jini. Wani tsohon ma'aikacin lafiya mai suna Baba Ezekiya, wanda bayan ya yi ritaya ya buɗe ɗan ɗakin shan magani a ƙofar gidansa, shi ya zaunar da ita a kan benci ya wanke mata ƙafa ya ɗaure. Ko sunanta bai tambaya ba, saboda akwai wasu goma a bayanta suna jira. Ita dai ba ta manta da shi ba.

Da aka dawo gari ta ƙarasa karatu, ta kama shagon nan tana buga wa ɗalibai takardu. Aikin manhaja na farko da ta samu na Malam Mansir ne, mai sayar da iri da taki da maganin feshi a kusa da kasuwa. Wata uku ta yi tana fama da shi. Da ta gama sai halin mahaifinta ya motsa, ta ƙi barin aikin a dunƙule, ta rarraba shi gunduwa-gunduwa. Gunduwa ɗaya mai karɓar sunan mutum da lambar wayarsa, ɗaya mai ƙirga kayan da suka rage, ɗaya mai aika saƙon waya. Ta sa musu suna bulo, wai don yadda magini yake ɗaukar bulo iri ɗaya ya gina ɗaki ko shago ko katanga. In tela ya zo, sai ta ɗauko bulon rajista da bulon saƙo ta haɗa, ta canja launi. In mai gidan burodi ne, ta ƙara masa bulon kaya. Aikin wata uku ya koma na kwana huɗu. Kafin shekara biyu wurare goma sha ɗaya ne suke aiki da manhajarta, kuma sunanta ya ɓace, kowa Mai Bulo yake kiranta.

A cikin bulon rajistar nan akwai wani ɗan akwati da ake rubuta bayani. Don Malam Mansir ta yi shi. Manoma sukan zaɓi kaya su tafi, daga baya mai keke Napep ya kai musu gida, to a akwatin ake rubuta kwatancen gidan. Da yake kwatance na gida ne ba na mutum ba, sai ta ɗaure akwatin a jikin lambar waya: lamba ɗaya, gida ɗaya, bayani ɗaya. In an rubuta sabo, tsohon ya goge. Dabara ce mai kyau a shagon iri, kuma ta daɗe da mantawa da yadda ta ƙulla ta.

Bana da farkon damina Baba Ezekiya, da ya ji labarin Mai Bulo, ya aiko a kira ta. Ta same shi ya tsufa, idanunsa sun yi yana. Ya ce za a kai shi Yola a yi masa aikin ido, ya ɗauki wata sabuwar ma'aikaciyar jinya, Tabitha, wadda ba 'yar garin ba ce, ba ta san kowa ba. Shekara ashirin ɗakin maganin nan yana tafiya ne da kati da kuma kan tsohon. Kowane majinyaci kati biyu yake yi masa, ɗaya a kwali a wurinsa, ɗaya mai shi ya tafi da shi gida ya adana a leda. Wanda jikinsa ba ya karɓar wani magani kuwa, Baba yakan ɗauki jan biro ya rubuta da manyan baƙaƙe a saman katunan biyu, ya ja layi biyu a ƙasa.

Abin da yake so shi ne a zuba katunan nan a kwamfuta kafin ya tafi. Dorathy ta karɓi aikin da murna, don ta daɗe tana neman hanyar rama alheri. Ta ɗauko bulon rajista, ta ɗauko bulon saƙo, ta kafa kwamfuta da sola. Ta ɗauki hoton katunan kwalin ɗaya bayan ɗaya da wayarta, ta zauna ta shigar da su duka da hannunta. Rubutun jan biro kuwa ta zuba shi a akwatin bayani, tunda ga akwati a shirye, me za a yi da sabo? Ranar da ta gama, mata sun taru a ƙarƙashin bishiyar mangwaro suna kallon abin mamaki, sai ga matsoraciyar nan ta miƙe ta yi jawabi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Iyayena, daga yau kun huta da ɗaukar kati. Suna kawai za ku faɗa da lambar waya, komai yana cikin kwamfuta." Aka yi mata tafi. Kwalin katunan aka kai ɗakin Baba aka kulle, shi kuma ya wuce Yola.

Bayan mako uku, ranar wata Alhamis a cikin watan Agusta, da misalin ƙarfe goma na safe, Malam Mansir ya shigo shagonta yana dariya, yana kaɗe ruwa daga hularsa.

"Injiniya, bulonki ya haɗa ni faɗa da 'yan'uwa biyu," in ji shi. "Wa da ƙani ne, wayarsu ɗaya. Babban gonarsa a Muchalla, ƙaramin a hanyar Kwaja. Kowa ya ba da kwatancensa, amma na ƙaramin ya cinye na babban. Mai keke ya kwashi taki duka ya sauke wa ƙaramin. Jiya babban ya zo kamar zai cinye ni ɗanye."

Dorathy ta yi dariya ita ma, ta ba shi haƙuri, ta ce ƙaramin gyara ne. Ta buɗe baki za ta yi masa bayanin yadda akwatin yake, cewa bayanin a jikin lamba yake ba a jikin suna ba, sai maganar ta maƙale mata.

"Lafiya, 'yar Vandi?"

Hankalinta ya riga ya tafi ɗakin maganin Baba Ezekiya. A Kwaja wa yake da wayar kansa? Gida guda mai mutum goma sha biyu waya ɗaya ce, a aljihun maigida. Wasu ma lambar maƙwabci suke bayarwa, ko ta dattijon coci, ko ta limamin unguwa. Ita da hannunta ta buga lamba ɗaya sau biyar, sau shida, tana ta sauri, ko a jikinta.

Ranar Litinin da ta wuce ta je ɗakin maganin gyara musu firinta, ta kwafo bayanan a filash don ajiya. Ta zaro shi daga jaka, ta soka a kwamfuta. Ta buɗe hotunan katuna a waya tana neman masu jan biro. Guda tara ne. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana gwadawa da abin da ke cikin kwamfuta. Na farko yana nan. Na biyu yana nan. Ta fara jin numfashinta yana dawowa. Na shida, Talatu Philemon, mace mai shekara hamsin da huɗu. A hoton katin an rubuta da ja, da layi biyu a ƙasa: KADA A YI MATA FENISILIN. A kwamfuta kuwa akwatin cewa yake, babu komai. Bayanin surukarta ne, wadda aka shigar bayanta da lamba ɗaya, ya hau kai ya share gargaɗin.

Ta gangara ƙasa ta karanta abin da Tabitha ta rubuta ranar Litinin ɗin. Fartanya ta sari Talatu a ƙafa, ciwon ya yi ruwa. An wanke an ɗaure. In bai yi sauƙi ba, ta dawo Alhamis a fara mata allura.

"Malam, yau wace rana?"

"Alhamis mana. Ke wai me ya faru?"

Ta kira Tabitha. Ba a samun layin. Ta sake kira, ta sake, muryar matar nan ta kamfanin waya tana ta ba ta haƙuri cikin natsuwa kamar ba abin da ke faruwa a duniya. Kwaja in hadari ya haɗu sabis ɗauke wa yake, wani lokaci wuni guda. Ta tura saƙo, ya tsaya bai tafi ba. Sai ta kira lambar da ke kan katin, lambar da ta jawo duk wannan. Bugu biyu aka ɗauka, ga hayaniyar kasuwa a baya.

"Baba Philemon ne? Ni ce Dorathy mai kwamfuta. Mama Talatu tana kusa?"

"A'a, ni ina Mubi, na zo sayen maganin feshi," in ji muryar wani dattijo. "Talatu ya tafi asibiti. Ƙafan bai bari ya yi barci ba. Ya ce in ya gama aikin gida zai je."

Waya tana Mubi, mai ciwo tana Kwaja. Dorathy ta miƙe tsaye. Ta tambaye shi ko da babur ya zo, ya ce e. Ta tambayi inda yake a kasuwa, ta ce ya tsaya nan, don girman Allah kada ya motsa. Ta fita a guje, kuma ranar ce kaɗai a tarihin shagon da ta tafi ta bar ƙofa a buɗe. Malam Mansir ne ya kulle mata.

Philemon dogo ne siriri, da furfura a gemu, ya ɗaure jarkar magani a bayan tsohon baburinsa. Ta ce ya sauke jarkar ya bar wa mai shagon da ya saya, su tafi Kwaja yanzu. Ya dube ta sama da ƙasa.

"'Yata, faɗa mini gaskiya. Wani abu ya sami Talatu?"

Ta so ta ce ba komai, gyara ne kawai za ta je yi. Ƙaryar ta zo har bakinta. Amma in ta yi ƙarya zai yi tuƙin dattawa, yana kauce wa kowane rami. Ta ce, "Baba, akwai allurar da jikin Mama ba ya so. Baba Ezekiya ya rubuta a kati. A kwamfuta rubutun ya goge, kuma Sista ba ta sani ba."

Fuskar tsohon ta canja. Ya ce, a hankali, "Wancan alluran? Lokacin da ya haifi autanmu aka yi masa. Ya kumbura, wuya ya toshe, har mun fara kuka. Ezekiya ya ce in aka sake, sai dai Allah." Bai tambayi wanda ya goge rubutun ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya taka babur.

Hanyar Kwaja in rani ne ba ta da wani dogon labari. Da damina kuwa sai wanda ya bi ta. Laka ja, duwatsu sun fito, ruwa ya yanka ramuka a tsakiya. Dorathy, wadda ko a keke Napep takan roƙi direba ya rage gudu, ta riƙe ƙarfen baya tana cewa, "Ƙara, Baba, ƙara." Da hannu ɗaya take ta danna lambar Tabitha. Gonakin masara da gyaɗa suna wucewa, kore shar, mata suna ta noma abinsu, ita kuwa ba abin da take gani sai ƙirgen da take yi a kai. In Talatu ta gama shara da wanke-wanke ƙarfe goma. In da ɗingishi take tafiya, rabin awa. In ta tarar da layi. Ya Allah, a ce akwai layi. Ba ta taɓa yi wa asibiti fatan cika da marasa lafiya ba sai ranar.

Suka iso bakin mayo, rafin da ake tsallakawa kafin a fara hawan dutse, suka tarar ya kawo. Ruwa ja yana gudu da karan dawa da reshen itace. Mutane biyar suna tsaye a gefe suna jiran ya sauka. Wani ya ce a ba shi awa ɗaya. Philemon ya kashe babur, ya jingine shi a jikin bishiya, ya naɗe wando.

"Kin iya ruwa?"

"A'a, Baba."

"To riƙe rigana. Kar ki duba ƙasa, duba bayana kawai."

Ruwan ya kai mata ƙugu, sanyi kamar ƙanƙara, yana jan ƙafafunta gefe. A tsakiya ta taka dutse mai santsi ta tafi, ta sha ruwa, tsohon ya fizgo ta da hannu ɗaya. Tsoro ya cika ta har ba ta jin yatsunta. Amma ko a cikin ruwan nan wani tsoron ya fi wannan girma, shi ne ya tura ta gaba. Takalminta ɗaya ya bi ruwa. A ƙetare suka sami wani mai babur da ya san Philemon, ya ɗauke su su biyu ba tare da dogon bayani ba.

Sun isa ana kiran sallar azahar a masallacin bakin hanya. Dorathy ta diro tun babur bai tsaya ba, ta ratsa ƙarƙashin mangwaron da ta yi jawabi, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta banka ƙofa.

Wata mace mai jiki tana zaune a bakin gado, ƙafarta ɗaure da sabon bandeji, tana gyara zaninta. Tabitha, siririyar budurwa da farar riga, tana jefa sirinji a kwalin shara.

"Anti Dorathy! Me ya same ki haka?"

"Wace allura kika yi mata?"

Tabitha ta ɗaga ƙaramar kwalbar da ba komai a ciki. Dorathy ta karanta sunan. Fenisilin ne.

"Yaushe?"

"Yanzun nan. Ko minti biyu ba a yi ba. Na duba kwamfuta, Anti, ba a rubuta komai ba."

"Jikinta ba ya karɓa. Baba ya rubuta da ja. Manhajata ce ta goge."

Talatu ta dubi mijinta da ya shigo jiƙe sharkaf, ta dubi baƙuwar, ta yi dariya. "Kai, Baban Jonathan, ka faɗa mayo ne? Ni lafiyana ƙalau." Suka tsaya su uku suna kallonta, ba mai ƙifta ido. Dorathy ta fara addu'a a zuci: wataƙila shekaru sun canja jikin, wataƙila Baba ya yi kuskure tun farko. Minti ɗaya ya wuce. Sai Talatu ta fara sosa tafin hannunta. Ta sosa wuya. Ta yi gyaran murya sau ɗaya, sau biyu, dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Harshena ya yi nauyi," ta ce.

Abin da ya biyo baya Dorathy ba ta taɓa iya ba da labarinsa a jere ba. Leɓunan matar suka kumbura a gaban idonsu. Numfashinta ya koma wani siririn fito, tana jan iska iska ba ta shiga. Philemon ya riƙe kanta yana kiran sunanta da yarensu. Tabitha, Allah Ya saka mata, ba ta tsaya kuka ba. Da yake ta riga ta ji abin da ke faruwa, ba ta ɓata lokacin lalube ba, ta nufi akwatin sanyi inda Baba Ezekiya yake ajiye allurar gaggawa ta irin wannan rana, ta fasa kwalba, ta zuƙa, ta caka wa Talatu a cinya.

"Anti, ɗaga ƙafafunta sama! Kwance mata ɗaurin zanin, ya matse ta!"

Dorathy ta kai hannu ta warware ƙullin zanin da ke ƙugun matar. Wani abu ya faɗo daga cikin ƙullin ya bugi siminti. Ba ta duba ba. Ta rungumi ƙafafun nan biyu, mai bandeji da marar bandeji, ta ɗaga su a kafaɗarta, tana jin yadda suke yin sanyi. Idon Talatu ya juye. Fiton ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har Dorathy ta daina jinsa. A ranta ta ce, shi ke nan, na kashe matar mutane. Ba da wuƙa ba, ba da guba ba, da ɗan akwatin da na yi don kai taki.

Tabitha tana duban agogon hannunta, leɓenta yana motsi. Da minti biyar suka cika ta sake zuƙar wata allurar ta caka a ɗaya cinyar. Suka jira. Kaza tana ta kuka a waje. Sai ƙirjin Talatu ya ɗaga, ta ja wani dogon numfashi mai ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, ta yi tari, ta sake ja. Philemon ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

An daɗe kafin kumburin ya fara saɓewa. Tabitha ta sa mata ruwa, ta aika a nemo motar da za ta kai ta babban asibiti a Mubi da zarar mayo ya sauka, don a kwana ana dubanta. Sai a lokacin Dorathy ta sauke ƙafafun, ta sunkuya ta ɗauki abin da ya faɗo. Farar leda ce, an naɗe ta ninki huɗu, an ɗaure da zare. Ba sai ta kwance ba. Ta cikin ledar ana ganin jan biron, da layi biyu a ƙasa.

Talatu ta buɗe ido ta ga abin da ke hannunta. Muryarta a shaƙe, da ƙyar take fita.

"Katina ne. Kullum ina zuwa da shi. Na ciro zan ba Sista, ya ce in mayar, yanzu ba a dubawa."

Tabitha ta sunkuyar da kai. Dorathy ta ce, "Ba laifin Sista ba ne, Mama. Ni na ce a daina kawowa. A ƙarƙashin mangwaron can na faɗa, kuka yi mini tafi." Ta juya wurin Philemon, wanda ya tsallakar da ita ruwa bai san ko wace ce ya riƙe ba, ta faɗa masa duka, tun daga shagon Malam Mansir. Tsohon ya saurara har ta gama. Bai zage ta ba, bai kuma ce ba komai ba. Ya miƙa hannu ya karɓi katin, ya ɗaura shi da kansa a bakin zanin matarsa.

Dorathy tana nan a Lokuwa har yau, ana kuma kiranta Mai Bulo. Mako biyu ta yi tana zaga wuraren nan goma sha ɗaya, tana kwance abin da ta haɗa tana dubawa. Ta raba akwatin bayani da lambar waya. An fito da kwalin Baba Ezekiya daga ɗaki ya koma kan teburi, kuma manhajar ɗakin maganin ba ta buɗe sunan kowa yanzu sai ta fara tambaya ko an ga katinsa. Aikin da take gamawa a kwana huɗu ya koma mako uku, domin duk bulon da ta ɗauko daga wani wuri sai ta je ta zauna a sabon wurin, ta ga yadda mutanensa suke rayuwa, wa yake ara wa wa waya. Wasu 'yan kasuwa sun gaji da jira sun koma wurin wasu. Ba ta roƙe su ba.

Kwaɗon shago kuwa ta daina komawa jijjiga shi, mai ƙosai har tana cewa an yi sulhu. Abin da take komawa dubawa yanzu daban ne. Duk ranar Alhamis da hantsi takan kira Kwaja. In layin ya shiga, su gaisa da Tabitha, ta tambayi ƙafar Mama Talatu da ta daɗe da warkewa. In kuma hadari ya haɗu layin ya ƙi shiga, sai ta ajiye aikin da ke gabanta, ta zauna da wayar a hannu tana sake bugawa.